Babi na Bakwai: Yini Guda a Tsakanin Gungayen Kainji

Sau da yawa idan mutanenmu na ƙasar Kontagora suka ga hotunan masu yawon buɗe ido a bakin tekun Girka ko na Zanzibar, sun ɗauki shatar ƙaramin jirgi, suna tashi daga wannan tsibiri suna sauka a wancan, su yi hantsi a ɗaya, su yi azahar a wani, kafin magariba kuma sun komo masauki, sai ka ji suna tambaya: shin wannan irin yawo sai wanda Allah ya hore wa fasfo da kuɗin jirgin sama, ko kuwa mazaunin tudu, wanda tsakaninsa da teku akwai tafiya mai nisa, shi ma yana da rabo a ciki? Amsa ita ce yana da rabo, kuma rabon nasa bai yi nisa da shi ba. Domin mutumin Salka, in ya fuskanci yamma ya bi ta Auna, ba zai daɗe ba zai tsaya a gaɓar Tafkin Kainji, wanda yake cikin manyan tafkunan da hannun ɗan Adam ya tara a Afirka ta Yamma, mai gungaye da tungayen masunta da kasuwannin bakin ruwa. Sai dai wannan yawo yana da ilminsa da sharuɗɗansa da ladubbansa, waɗanda in an kiyaye su a komo da fa'ida, in an yi sakaci da su kuwa a komo da nadama, ko ma a rasa komowa. Su ne za mu bi ɗaya bayan ɗaya a wannan babi.

Asalin tafkin

Wanda aka haifa bayan yaƙin basasa zai iya zaton tun fil'azal wannan ruwa haka yake a shimfiɗe, alhali kuwa akwai dattawa da ransu a Auna da Warra da Ngaski waɗanda suka san wurin yana gonaki da kurmi, kogin Kwara yana ratsawa ta tsakiya a tsakanin duwatsu. A shekarar 1964, zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka soma gina madatsar ruwa a kan wani gungu mai suna Kainji, wanda daga gare shi madatsar ta sami sunanta. A 1968 aka toshe kogin ruwa ya fara taruwa, sa'an nan a watan Fabrairu na 1969 Janar Yakubu Gowon ya buɗe aikin. Manufa ta farko ita ce samar da wutar lantarki, aka kuwa kafa injuna 8 masu ƙarfin megawat 760 gaba ɗaya. Amma abin da ya shafe mu a nan shi ne ruwan da ya taru a bayan ginin, wanda tsawonsa daga madatsar zuwa wajen Yawuri ya kai kimanin kilomita 135, watau ya kusa nisan Kano zuwa Zariya, faɗinsa a inda ya fi buɗewa ya kai kilomita 24, shimfiɗarsa kuma ta haura murabba'in kilomita 1,200 idan ya cika.

Tafkin kashi uku ne, kuma wajibi ne mai niyyar yawo ya san bambancinsu. Na arewa, wajen Yelwa da Zamare da Rofiya, bai rabu da kamannin kogi ba, siriri ne, ruwansa yana gudu, gungayensa suna kusa da juna. Na kudu, daga inda gaɓoɓin biyu suka sake matsowa har zuwa madatsar, shi ne mai zurfi, domin a kusa da ginin zurfin ya kai wajen mita 60. Na tsakiya kuwa, wanda ke fuskantar Warra daga gabas da Shagunu daga yamma, shi ne mai faɗi, wanda in kana tsakiyarsa ran da aka yi hazo ba ka ganin gaɓa ko ɗaya, kuma shi ne mafi kusa da mutumin Salka.

Abin da ruwa ya rufe

Ba ya halatta ga mai hankali ya ratsa wannan ruwa yana kallon samansa kaɗai, domin a ƙarƙashinsa akwai garuruwa. Mutum kimanin 44,000 aka tasa daga mazauninsu sa'ad da ruwan ya hau, galibinsu Gungawa da Kambari da Busawa da Lopawa da Shangawa, aka gina musu sababbin ƙauyuka a kan tudu, da ɗakunan siminti waɗanda har yau ana ganinsu a gefen tafkin. Tsohuwar Busa, fadar sarakunan Bargu, ta nutse ɗungum, aka gina Sabuwar Busa kimanin kilomita 40 kudu da ita. Tare da garin ruwa ya haɗiye duwatsun nan masu gurnani inda Bature Mungo Park ya halaka a wajen farkon 1806, bayan ya taso da jirginsa tun daga Sansandin ta ƙasar Mali yana neman inda Kwara ta ƙare. Kuma ta nan ne 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka bi a 1830, suka hau kwalekwale zuwa Yawuri suna cigiyar takardunsa, kafin su gangara har teku.

Gungawa kuwa, waɗanda su ne masu gungayen tun asali, mutane ne masu noma da su, sun shahara da albasar da suke nomawa a bakin ruwa, wadda ita ta ɗaukaka sunan albasar Yawuri a kasuwannin Kudu da Arewa. Gungayen nan mafaka ce a zamanin yaƙi, har sarautar Yawuri kanta, da fitina ta tsananta a tsakiyar ƙarni na 19, ta bar Birnin Yawuri ta koma tsibirin Ikum, ba ta fito tudu ta zauna a Yelwa ba sai a 1888. Mafi girman gungayen shi ne Foge, wanda a dā yake cike da ƙauyuka da gonaki. Ruwa ya rufe mafi yawansa, abin da ya saura shi ne tuddai da fadamu waɗanda ke bayyana suna ɓuya gwargwadon hawa da saukar tafkin. Saboda yawan tsuntsayen da ke sauka a wurin, na gida da baƙi masu zuwa daga Turai a lokacin sanyi, aka shigar da gungayen Foge cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2008.

Fito da shata

Hanya biyu ce ta shiga ruwa. Ta farko fito, watau ka je kwata ran kasuwa, ka biya kuɗin kanka, ka shiga babban jirgin katako tare da 'yan kasuwa da buhunan hatsi da babura da awaki, jirgin ba zai tashi ba sai ya cika, ba kuma zai tsaya ba sai inda ya nufa. Ta biyu shata, kamar dai yadda iyali kan ɗauki shatar mota zuwa ɗaurin aure: ku ne masu jirgin a wannan yini, ku za ku faɗi sa'ar tashi, da wuraren tsayawa, da sa'ar komowa. Fito ya fi araha nesa ba kusa ba, amma ba ya biyan bukatar mai son gani da tambaya. Shata ta fi tsada, sai dai idan mutum takwas ko goma suka haɗa kuɗi, ko malaman makaranta suka yi karo-karo domin manyan ɗalibansu, nauyin yakan yi sauƙi. Babbar fa'idarta kuma, wadda ta fi 'yancin tsayawa inda aka ga dama, ita ce ku ke da iko a kan lodi, ba wanda zai ɗora muku buhu hamsin bayan kun zauna.

Kada baƙo ya yi ciniki da duk wanda ya fara tare shi a bakin ruwa. Kowace kwata tana da shugabanninta, akwai Sarkin Jirgi ko shugaban ƙungiyar masu jirage, akwai kuma Sarkin Ruwa a wajen masunta. A fara gaishe su, a faɗa musu bukata, su za su nuna matuƙin da ya san hanyar Foge, domin ba kowane mai inji ne ya san ta ba. Matuƙin da aka samu ta hannun shugabansa ya san akwai wanda zai tuhume shi in ya saɓa, ku kuma kun bar shaida a tudu cewa kun shiga ruwa, da wanda kuka shiga, da lokacin da ake sa ran fitowarku.

Sharuɗɗan ijara

Malamanmu na fiƙihu ba su bar wannan mas'ala ba. Shatar jirgi babi ce daga ijara, ijara kuwa ba ta inganta sai an san lada, an san aiki, an san ajali, domin jahilci a cikin ɗayansu shi ke haifar da husuma. Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani a zaure zai tuna hukunci biyu da aka ambata game da mai jirgi: cewa ba a ɗora masa lamunin abin da ya salwanta, kuma ba ya cancantar kuɗin hayarsa sai ya isar. Malamai sun bayyana cewa ɗauke lamunin yana tsayawa ne a inda bai yi sakaci ko ta'addi ba; wanda ya yi lodi fiye da kima, ko ya tashi alhali hadari ya haɗu, ba ya shiga cikin wannan rangwame.

Saboda haka kafin kowa ya sa ƙafa a jirgi a zauna a yanke magana a gaban shaidu: gungaye nawa za a taka, wa zai sayi mai kuma lita nawa, shin kuɗin ya haɗa da jiran da matuƙi zai yi a kowane wuri, me za a yi in iska ta hana ƙarasawa. Abin da ya fi dacewa shi ne a ba da kuɗin mai tun farko, tun da matuƙi ba shi da halin sayensa daga aljihunsa, a riƙe sauran sai an komo kwata lafiya. A kuma duba jirgin da ido: kada a ga ruwa yana tsattsafowa ta tsakanin katako fiye da abin da ƙwarya za ta kwashe, a tabbata akwai filafilai da gora ko da inji zai mutu, da jarkar mai ta ajiya, da yaron jirgi wanda zai zauna a goshi yana duban hanya.

Zaɓen lokaci

Kwara a wannan yanki tana cika sau biyu a shekara, kuma wannan yana daga cikin abubuwan mamaki na hikimar Ubangiji. Cikar farko ita ce farin ruwa, wanda ke zuwa daga wajen Agusta zuwa Oktoba, ruwan damina ne na ƙasashenmu na kusa, irin wanda Gulbin Sakkwato ke kawowa, yana ɗauke da laka shi ya sa ya yi fari. Ta biyu baƙin ruwa, wanda ke isowa a tsakiyar rani, wajen Disamba zuwa Fabrairu. Ruwan sama ne da ya zuba a duwatsun ƙasar Gini watanni da dama da suka wuce, ya yi ta yaɗuwa a fadamun Masina ta ƙasar Mali har lakarsa ta kwanta, sa'an nan ya gangaro garau. Da waɗannan biyu tafkin ke cika ya tsaya a cike har ƙarshen sanyi, daga nan ya yi ta sauka saboda ruwan da injuna ke sha, har ya ja baya da kimanin mita 10 kafin sabon farin ruwa ya iso.

Mafificin lokaci ga baƙo shi ne daga kaka zuwa ƙarshen sanyi, Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwa ya rufe kututture, hadari ya ɗauke, tsuntsaye baƙi kuma sun sauka. Illa dai a guji ranar da hazo ya yi kauri ko iskar hunturu ta tashi da ƙarfi, gama a kashin tsakiya babu abin da ke tare iska, igiyar ruwa takan yi tsawon da ƙaramin jirgi ba ya jurewa. Mafi hatsari kuwa shi ne bazara da farkon damina, lokacin da ruwa ya ja baya, itatuwan da aka bari a tsaye tun 1968 suka matso kusa da sama, guguwar gabas kuma takan taso da yamma ba sallama.

Daga asuba zuwa la'asar

A kwana a kusa da kwata, ko a baro Salka da an sallame asuba, domin a shiga ruwa da sanyin safiya sa'ad da yake kwance. A sa'ar nan ne ake cin karo da masunta suna komowa daga ɗaga kalli da mamari, kuma in matuƙi ya rage gudu aka yi musu barka da aiki, za su nuna abin da dare ya bayar: karfasa da kurungu da tarwaɗa da faliya, wani lokaci da giwan ruwa wanda mutum ɗaya ba ya ɗaga shi sai da taimako. Zango na farko ya kamata ya zama tungar masunta, inda za a ga Sarkawa, waɗanda kakanninsu suka gangaro daga ƙasar Kabi, tare da wasu da suka zo daga Nufe da Mali, mata suna banda a kan tanda, an shanya warangi, ƙananan kifayen nan masu walƙiya, a kan tabarmi a rana.

Da hantsi a nufi Foge. A nan a kashe inji tun daga nesa a ƙarasa da gora, domin ƙara tana tashin tsuntsaye. Mai haƙuri zai ga kirinjijiya garke-garke, da dinya, da zalɓe a tsaye cikin burugu, da shanun Fulani waɗanda akan ƙetarar da su domin wannan ciyawa idan tudu ya bushe. Akwai dorina a wasu sassan tafkin, kuma duk inda matuƙi ya ce a kauce, a kauce, gama dorina mai ɗa ba ta da wasa, ta sha kifar da jirage. In lokaci ya ba da hali a ƙetara gaɓar yamma wajen Shagunu a yi azahar, a ci guzuri, a roƙi wani dattijo ya nuna inda tsohon garinsu yake a ƙarƙashin ruwa. Za a ji tarihin da ba a rubuta ba. Da an yi la'asar sai a juyo, ko da saura wurin da ba a taka ba, domin gungu uku da aka gani da natsuwa sun fi bakwai da aka ratsa a guje, kuma rana ba ta jiran wanda injinsa ya mutu.

Salla a kan ruwa

Matafiya kan tambaya game da alwala da ruwan da ya yi fari da laka. A mazhabarmu ta Malikiyya ruwan da ya canja saboda ƙasar da yake gudana a kanta yana nan a kan tsarkinsa, ana alwala da shi. Mafi kyau a tsara tafiya yadda lokacin salla zai riski mutane a tudu. In kuwa ya riske su a jirgi har aka ji tsoron fitarsa, sai a fuskanci alƙibla gwargwadon iko, a juya in jirgi ya juya, wanda kuma tsayuwa za ta jefa shi ko ta jefa jama'a cikin hatsari ya yi a zaune. Kasaru ba ta shiga irin wannan yawo galibi, tun da tafiyar ba ta kai mil 48 da aka shar'anta ba. Kada kuma a manta da ambaton Allah yayin shiga, da addu'ar da ta zo a Suratu Hudu a ƙissar Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi.

Tsare rai

Tawakkali ba ya kore riƙon sababi, kuma mutanen wannan yanki sun ga abin da sakaci ke jawowa. Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako da ya ɗauki mutum fiye da 150, galibinsu 'yan kasuwa, da mata da yara, ya tarwatse a ruwa kusa da Warra ta ƙaramar hukumar Ngaski, kaɗan ne ƙwarai suka tsira. Allah ya jiƙansu da rahama. Sababban irin wannan musiba sanannu ne, kuma kusan kullum su ne dai: tsufan jirgi, da lodi fiye da kima, da karo da kututture, da tafiyar dare, da rashin rigar ruwa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar ruwa, kuma mai shata ba shi da uzurin saɓa wa ko ɗaya, tun da shi ke da iko a kan jirginsa.

Kowane mutum da rigarsa, a jikinsa a ɗaure, tun daga kwata har komowa, babba da yaro, wanda ya iya iyo da wanda bai iya ba. In masu jirgi ba su da isassu a nemo haya ko a saya, in ba a samu ba a fasa tafiyar. Kada a tashi tsaye gaba ɗaya domin kallon abu a gefe guda. Kada a bar yara su yi wanka a gaɓa mai ciyawa da ruwa kwance, gama nan ne katantanwar da ke ɗauke da tsargiya take zama. A kuma tafi da ruwan sha daga gida. Sa'an nan, tun da shekarun nan an sami 'yan bindiga a dazuzzukan da ke maƙwabtaka da tafkin, musamman wajen gandun dajin Bargu, wajibi ne a tambayi hakimai da jami'an tsaro halin da hanya da gaɓa suke ciki a makon da za a tafi, a kuma bi shawararsu ko da ta saɓa wa son rai.

Ladabin baƙo

Gungu gidan mutane ne, ko da bukka uku ce a kansa. A yi sallama, a nemi mai tunga a gaishe shi, kada a ɗauki hoton matan mutane ko na kayan sana'arsu sai da izini, kada a taka koma da aka shanya, kada a ɗebi ƙwan tsuntsu, kada a bar leda ko gora a ruwa. In za a sayi kifi a saya da farashin adalci, gama wanda ya kwana a kan ruwa ya fi kowa sanin abin da ya sha kafin ya kamo shi. Mu mutanen tudu, da duk wanda ya taɓa kunna fitilar lantarki a Nijeriya, akwai bashin waɗannan jama'a a wuyanmu, domin gonakinsu da kaburburan iyayensu aka ba ruwa kafin wutar ta samu. Mafi ƙarancin abin da za mu biya da shi shi ne mu je musu da girmamawa, mu san sunayen garuruwansu, mu kuma koya wa 'ya'yanmu.

Wanda ya kiyaye abin da muka ambata, ya zaɓi lokaci, ya kyautata ciniki, ya ɗaura rigarsa, ya komo kafin faɗuwar rana, zai sami yini mai albarka da kuɗin da bai kai na tafiya Legas ba. Amma mai karatu zai lura mun ambaci kalli da mamari da koma a gurguje, ba mu bayyana yadda ake aiki da su ba, ba mu kuma faɗi dalilin da ya sa masunta ke kukan kifi ya ragu ba, ko aikin da cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa take yi a kan haka. Wannan shi ne abin da babi na takwas zai ɗauka, inda za mu zauna da Sarkawa mu ji sana'arsu daga tushe, in Allah ya yarda.